Iya Ruwa Fidda Kai: Nasiha Ga Matasanmu Masu Zuwa Daɗin Kowa

Ƙannena da 'ya'yana, samari da 'yan mata na GRA da sauran unguwannin Gombe,

Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama, ko hutun makaranta ya zo, ko an sauko daga Idi an gama zagayen gaisuwa, tambaya ɗaya ce ke tashi a gidajenmu: "Baba, yaushe za a kai mu Daɗin Kowa?" Ni ina goyon bayan wannan roƙo. Yaron da ya tashi daga gida sai boko, daga boko sai Islamiyya, ya cancanci wata rana ya tsaya a gaban ruwan da idonsa ba zai hango ƙarshensa ba, ya sha iska mai sanyi, ya ga masunta a bakin aikinsu, ya ci kifin da aka kamo a gabansa. Irin wannan tafiya tana ƙara zumunci tsakanin 'yan'uwa, tana buɗe ido, tana sa mutum ya yi tunanin ikon Mahalicci.

Sai dai akwai abin da nake so ya zauna muku a zuciya tun kafin a tayar da mota. A bakin wannan ruwa ku baƙi ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Ku je ku yi kallo, ku yi wasa a tudu, ku ji daɗinku, amma ku bar shiga ruwan ga waɗanda suka san shi. Wurin koyon iyo daban yake, kuma zan zo kansa.

Ku san ruwan da za ku je gani

Madatsar ruwan Daɗin Kowa tana Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, kimanin kilomita 37 gabas da Gombe a kan hanyar Biu, bayan an wuce Kwadon da lambunanta na tumatur da albasa. Gwamnatin Tarayya ce ta tare Kogin Gongola a nan, aka kammala ginin a 1984, shekara 12 kafin a ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996. Shi kogin daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratso ƙasar Bauchi, ya yi kwana ta wajen Nafada, ya gangaro kudu har ya haɗu da Binuwai a Numan. In tafkin ya cika, faɗinsa yakan kai kimanin murabba'in kilomita 300. Daga nan ake jawo ruwan famfon da ke zuwa cikin Gombe, daga nan manoman rani ke ban ruwa, kuma a jikin madatsar akwai tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40. Wato wurin aiki ne aka gina, shaƙatawarmu daga baya ta zo.

Da yawanku kun taɓa shiga ruwan wanka na otal, kuna ganin kun iya iyo. To, ku tuna yadda wancan ruwa yake. Garai-garai yake, kana hango ƙasansa. An daɓe shi, an rubuta zurfin kowane ɓangare, kuma duk inda ka gaji, taku kaɗan ne tsakaninka da gefen da za ka dafa. Ruwan dam ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kafin a tare kogin, wurin gonaki ne da fadamu da bishiyoyi da kwazazzabai, ga kuma tsohon kwarin kogin kansa, duk ruwa ya rufe su. Shi ya sa za ka yi taku goma ruwa na gwiwarka, a na sha ɗaya ka nemi ƙasa ka rasa. Ruwan a gurɓace yake da laka, ba ka ganin inda ƙafarka za ta sauka. A wani wurin taɓo ne zai riƙe ƙafa har idon sawu, in ka yi yunƙurin zare ɗaya sai ɗayar ta ƙara nutsewa. A wani wurin kututturen bishiya ne ke jiran wanda zai yi tsalle ya faɗa da ka. Ga ragar masunta da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi da aka shimfiɗa tun dare, waɗanda ba a ganinsu daga sama.

Haka kuma tafki yana sauyawa da lokaci. Inda aka zauna aka ci abinci a busasshiyar ƙasa cikin Afrilu, in an koma a Satumba ruwa ya shanye shi. Ta ƙasan madatsar kuwa, yawan ruwan da ke gangarowa yana hannun ma'aikata: in aka buɗe ƙofofi, kogin da ka gani lafiya lau zai iya ƙaruwa ya yi ƙarfi cikin ɗan lokaci. Kusa da bangon madatsar da mashigar ruwan injinan lantarki, ruwa yana ja ta ƙasa ko da samansa a kwance yake. Duk inda jami'an tsaro suka ce kada a wuce, kada ku nemi alfarma, kada ku zagaya ta baya.

Yadda ruwa ke cin mutum

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kimanin mutum 300,000 ne suka rasu ta hanyar nutsewa a ruwa a faɗin duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma in an auna da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna. Saboda girman matsalar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yulin kowace shekara, tun daga 2021, don wayar da kai a kan rigakafin nutsewa.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne yadda abin yake faruwa a zahiri. A fim mun saba ganin mai nutsewa yana ihu, yana ɗaga hannu, yana kiran a taimake shi. A gaske ba ya samun wannan damar. Bakinsa yana daidai da saman ruwa, yana nutsewa yana ɓullowa, kuma ɗan lokacin da ya ɓullo bai wuce na jan numfashi ba, balle kiran suna. Kansa a ɗage yake ta baya, jikinsa a tsaye cikin ruwa, hannuwansa suna danna ruwa ta gefe, idanunsa a buɗe amma ba sa kallon kowa. Wanda ke tsaye a gaɓa zai ɗauka wasa yake yi. Yaro ƙarami bai fi daƙiƙa 20 zuwa minti ɗaya yana wannan fama ba kafin ya ɓace. Ƙwaƙwalwa kuma in ta rasa iska na 'yan mintuna, ta fara lalacewa ke nan. Saboda haka ku riƙe wannan: yaran da ke wasa kusa da ruwa hayaniya suke yi, in kun ji shiru, ku tashi ku duba nan take.

Ku samari, ku ne kuka fi shiga hatsari bayan ƙananan yara, kuma dalilin a bayyane yake. Wani zai nuna tsibiri ko kwalekwalen da ke can tsakiya ya ce, "Wa zai iya taɓo shi ya dawo?" Wani zai ce, "Kai dai matsoraci ne." Nisa a kan ruwa yana yaudarar ido; abin da ka ɗauka kusa ne, sai ka yi rabi ka ji hannu ya mutu, ƙafa ta riƙe, gaba da nisa, baya da nisa. Wanda ya kira ka matsoraci ba shi zai je ya gaya wa mahaifiyarka ba. Ka bar shi ya yi dariyarsa, ka koma gida da ƙafarka. Wanda kuma ya sha wani abu mai gusar da hankali, ko ƙwaya ko maganin tari, kada a bari ya matso bakin ruwa ko kaɗan. Haka mai farfaɗiya, ko da ya daɗe ba ta tashi ba, a zaunar da shi nesa, wani na kusa da shi.

Ku 'yan mata, hatsarinku sau da yawa daga sutura yake zuwa da kuma ɗaukar hoto. Hijabi da zani da doguwar riga, in suka jiƙe, nauyi suke yi, su naɗe ƙafafu, su rufe fuska. Dutsen da ke bakin ruwa kuma gansakuka ta lulluɓe shi, santsi gare shi. Yarinya za ta hau don hoton ya yi kyau, ta ɗaga waya, ta ja baya taku ɗaya, shi ke nan. Ku ɗauki hotunanku a busasshiyar ƙasa, tafkin zai fito a bayanku yadda kuke so.

Ku tambayi masu ruwan

Kowane ruwa yana da mutanensa. A ƙasar Hausa tun kaka da kakanni akwai Sarkin Ruwa, akwai masunta da suka gaji sana'ar, kuma wanda ya ga wasannin ruwa na bikin kamun kifin Argungu ya san irin gwanintar da Allah Ya ba su. Ku lura da masunci in zai shiga ruwa mai zurfi da koma: sai ya ɗauko babban goransa ya kifa cikinsa a kai, shi ke riƙe shi a sama, cikin goran kuma yake jefa kifin da ya kama. Mutumin da aka haifa a bakin kogi, wanda ya fi shekara talatin yana wannan aiki, bai yarda ya dogara da ƙarfin damtsensa kaɗai ba. To, ina ga wanda ya zo daga GRA da safe zai koma da yamma?

Da kun isa, babban cikinku ya nemi dattijo a cikin masunta ko masu kwalekwale, ya yi sallama, ya gaishe shi yadda ya kamata, sannan ya ce, "Baba, mu baƙi ne, da yara muke. Ina ya dace mu zauna? Ina ne ba a zuwa?" Amsar da zai ba ku cikin minti biyu ta fi duk abin da za ku samu a waya. Shi ya san inda gaɓa ke zaftarewa, ya san inda aka kafa raga, ya san inda dorina ke kwana.

Maganar dorina kuwa gaskiya ce. Akwai su a wannan ruwa, kuma manoman garuruwan da ke gefensa sun sha kokawa a kan ɓarnar da suke yi wa gonaki. Dorina tana wuni cikin ruwa, ba a ganin komai sai kunnuwa da hanci, da yamma ta fito kiwo. Tana iya kifar da kwalekwale, kuma a tudu ta fi mutum gudu. In tana da ɗa, ba ta da haƙuri ko kaɗan. In kun hango ta, ku kalle ta daga nesa, kada ku jefe ta, kada ku ce wa mai kwalekwale ya matsa don ku ɗauki bidiyo, kuma kada ku tsaya tsakaninta da ruwa.

Cutar da ke bin mutum gida

Akwai wanda zai ce, "Ni ba zan yi nisa ba, iyakata gwiwa." Ga wannan ma ina da magana, domin akwai hatsarin da ya fi yawa a ruwa marar zurfi, inda ciyayi suke, inda yara suka fi son fantsama. Shi ne tsargiya, cutar fitsarin jini.

Ga yadda take tafiya. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwayayen tsutsar su fita tare da shi su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su shiga jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyayin bakin ruwa, su hayayyafa a ciki, sannan su fito dubbai suna yawo, ido ba ya ganinsu. Ba sai ka sha ruwan ba. Da fatarka ta taɓa shi, cikin 'yan mintuna sun huda sun shiga, wataƙila ka ji ɗan ƙaiƙayi, wataƙila ba ka ji komai ba. Daga nan su bi jini su girma, su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara ko hanji, su yi ta zuba ƙwai shekara da shekaru. Sai bayan wata biyu ko uku yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, lokacin kowa ya manta da an je Daɗin Kowa.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma har yau ba a rabu da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 sama da mutum miliyan 250 ne ke buƙatar maganin rigakafinta, aƙalla kashi 90 cikin 100 a Afirka, Nijeriya kuma tana sahun gaba. Madatsun ruwa da magudanan noman rani suna daga wuraren da dodon koɗin ya fi samun wurin zama, don haka maganar ta shafi Daɗin Kowa, ta shafi Balanga, ta shafi Tiga da sauran irinsu.

A wasu wurare ana ɗaukar jinin fitsari a matsayin alamar balagar ɗa namiji. Wannan kuskure ne mai tsada. In aka bar cutar, tana rage jini, tana hana yaro girma da fahimtar karatu, tana lalata mafitsara da ƙoda, tana iya kaiwa ga sankarar mafitsara. Ga mata kuma tana taɓa al'aura da mahaifa, har ta kawo matsalar haihuwa. Alhamdu lillahi, tana da magani, sunansa praziquantel, ana ba da shi gwargwadon nauyi ko tsawon mutum. Duk wanda ya san ya shiga irin wannan ruwa, ko ya ga jini a fitsarinsa, ya faɗa wa iyayensa ba tare da kunya ba, a kai shi asibiti a gwada fitsarin, a gaya wa likita ranar da ya shiga ruwan. Kada a saya a kemis a sha da ka. Goge jiki da tawul bayan an fito ba ya wadatarwa. Ruwan alwala da na wanke hannu ku taho da shi daga gida cikin jarka.

In za a hau kwalekwale

Yawo a kwalekwale shi ne abin da yara suka fi ɗoki, kuma ana iya yin sa lafiya in an kiyaye sharuɗɗa. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, ɗauke da mutanen da yawancinsu ɗaliban Islamiyya ne a hanyarsu ta zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 aka rasa, Allah Ya ji ƙansu. Wannan ma ruwan dam ne, irin namu. Abin da ke maimaituwa a irin waɗannan haɗurra kusan iri ɗaya ne: lodi fiye da ƙima, tafiyar yamma ko dare, tsohon jirgi mai yoyo, da rashin rigar kariya.

Saboda haka kafin kowa ya sa ƙafa, ku duba cikin jirgin. In kun ga ana ta kwarfe ruwa da kwano, ku haƙura. Ku tambayi mai jirgi mutum nawa yake ɗauka, ku rage a kan abin da ya faɗa, ko da za a yi sawu biyu a biya kuɗi biyu. Kowa ya sa rigar kariya ta ruwa, a ɗaure ta tsam, ta yaro ta zama daidai jikinsa, domin in ta yi masa yawa zamewa zai yi ta cikinta. In babu riguna, babu hawa. Iyalin da ke yawan irin wannan tafiya su sayi nasu su ajiye a mota. A cikin jirgi kowa ya zauna inda aka zaunar da shi, ba tashi tsaye, ba taruwa a gefe ɗaya don kallon wani abu. In hadari ya haɗo ko iska ta taso, a juyo gaɓa, a koma cikin mota, domin fili a bakin ruwa wurin faɗuwar tsawa ne. Kuma kowane yawo ya ƙare kafin la'asar sakaliya.

Aikin da za ku ɗaukar wa iyayenku

Ga inda nake so ku manyan yara ku nuna kun girma. Yawancin yaran da ruwa ke ci, ba a rasa manya a kusa ba. Abin da ke faruwa shi ne kowa ya ɗauka wani na kallo. Umma tana zuba abinci, Baba yana amsa waya, Yaya tana ɗaukar hoto, Kawu ya tafi cinikin kifi, ɗan autan da bai fi shekara uku ba ya bi ƙwallonsa.

Maganin wannan shi ne a fayyace aikin. A ce, "Yaya Babba, daga yanzu zuwa minti ashirin kai ne mai kallon yara." A wannan lokaci ya ajiye waya a aljihu, ba ya hira, ba ya cin abinci, idonsa na kan yara yana ƙirga su. In lokacinsa ya cika, ya kira wanda zai karɓe shi da suna, sai wancan ya amsa "na karɓa" sannan ya tashi. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya kasance inda hannu zai kai gare shi. Kada a bar wa yarinya 'yar shekara tara amanar ƙannenta a bakin ruwa, ita ma kula da ita ake yi. A shimfiɗa tabarma nesa da gaɓa, a ja layi a ƙasa a ce wa yara nan ne iyaka. Lokacin salla a yi ta kashi biyu, kada a bar yara ba kowa. A ƙirga kai lokacin sauka daga mota, a ƙirga lokacin cin abinci, a ƙirga kafin a tashi.

Cikin kayan tafiya, bayan abinci da ruwan sha, ku sa doguwar igiya da jarka mai cin lita 20 wadda babu komai a ciki, murfinta a ɗaure. Irin wannan jarka tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. Kowa ya sa takalmi, saboda ƙaya da ƙugiya da fasassun kwalabe, kuma kada yara su kutsa cikin ciyawa, ƙasarmu ƙasar kububuwa ce.

In abin da ba a fata ya faru

In wani ya faɗa ruwa, zuciya za ta ce ka yi tsalle ka bi shi. A nan ne gida ɗaya ke rasa mutum biyu ko uku a rana guda, domin mai nutsewa duk abin da ya kama sai ya danna shi ƙasa, ko da mahaifinsa ne. Ka yi kururuwa ka kira masunta, su ne masu jirgi kuma su suka san ruwan. Ka jefa masa jarka ko igiya, ko ka kwanta rubda ciki a gaɓa ka miƙa masa gora ko rawani, wani na riƙe da ƙafarka. Wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112, ya juya mota ta fuskanci hanya.

In kai ne ka faɗa, kada ka yi kokawa da ruwa. Ka juya rigingine, ka buɗe hannuwa da ƙafafu, ka ɗaga haɓa sama, ka bar kunnuwanka cikin ruwa, ka yi numfashi a hankali har taimako ya zo.

In an fito da mutum, a kwantar da shi rigingine a duba ko yana numfashi. Kada a ɓata lokaci wajen danna masa ciki ko ɗaga shi a kife wai don ruwa ya fita. Iska yake buƙata. In ba ya numfashi, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a ci gaba da haka ba tsayawa. In yana numfashi, a juya shi ta gefe, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan sa'o'i. Wannan aiki da hannu ake koyonsa, kuma ƙungiyar Red Cross da ƙungiyoyin agaji na addini suna koyar da taimakon farko. Ku nemi a koya muku.

Ladabi, ƙaddara da koyon iyo

Wurin da kuka je shaƙatawa, wurin neman abincin wasu ne. Kada ku ɗauki hoton matan da ke wanki ko yaran gari ba da izini ba. Kada ku taɓa raga ko jirgin da ba naku ba. In za ku sayi karfasa ko tarwaɗa, ku yi ciniki da mutunci, ku tuna mutumin ya kwana a ruwa. Ku tattara ledojinku da robobinku ku dawo da su gida. Addininmu ya hana yin fitsari a ruwan da ke tsaye, kuma kun ga hikimar hanin a bayanin tsargiya. Wannan ruwa dai shi ne ake tacewa a turo mana a famfo.

Na san abin da ake faɗa in ruwa ya ci mutum: "Kwana ne ya ƙare," "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa," wasu ma su ce mutanen ruwa ne suka ja shi. Mun yi imani da ƙaddara, kuma da ita muke rarrashin waɗanda suka yi rashi. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya umarce mu da riƙo da sababi, ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, ya sanya yara amana a wuyan manya. Rai ba namu ba ne da za mu yi caca da shi don burge abokai.

Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, kuma an rawaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi umarni a koya wa yara iyo. Don haka ku roƙi iyayenku su sa ku a koya muku, maza da mata, a ruwan wanka mai tsabta da aka sa wa magani, a hannun malamin da ya san aikin, mata a wurin mace cikin sutura da ta dace. Ku fara da koyon kwanciya a saman ruwa da riƙe numfashi kafin ku nemi gudu. A ƙasar Bangladesh, inda ruwa ke cin yara da yawa, koya wa yara iyo da tara ƙanana a hannun masu reno lokacin da iyaye ke aiki sun rage mace-macen ƙwarai. Abin da ya yi amfani a can zai yi a nan. Kuma ko bayan kun iya, ku ɗauki iyon a matsayin abin ceton rai ranar da tsautsayi ya faɗa, kada ya zama dalilin ƙalubalantar tafki.

Ƙannena da 'ya'yana, ku karanta wannan nasiha ku karanta wa iyayenku, ku gaya wa abokanku na makaranta. In an sa ranar tafiya, ku zama ku ne masu tuna igiya da jarka da rigar kariya, ku ne masu gaishe da masunta, ku ne masu ƙirga ƙannenku. Ku je Daɗin Kowa ku yi kallo, ku ci kifi, ku yi zumunci, ku tsaya a tudu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku gida cikakku, amin.